Fatalwar da Ta Shiga Talabijin

Daouda ya ajiye magogi, ya yi tari, ya ja tsani zuwa bakin 'yar tagar da ke can saman bango. Lokaci ya yi.

A shekarun nan da kuɗin fetur ya cika Libiya, duk mai hali a Sabha ƙarin ɗaki yake yi. Alhaji Abdallah, Balaraben da ya daɗe yana fatauci har Agadas, shi ma ya ƙara biyu, ya ɗauko Daouda ɗan Dakoro ya shafe su da jibis, farar ƙasar nan ta gyaran rufi. Tagar kuwa ta tsohon falo ce, kuma daidai take da talabijin. Tun ranar da Daouda ya leƙa bisa kuskure, aikin da ya kamata ya ƙare tuni ya ƙi ƙarewa.

Abin da ake nunawa katun ne, fim ɗin zane na Japan, wanda aka ce daga littafin zane aka ɗauko shi, aka sa masa Larabci. Labarin wani tsoho ne da ya mutu yana tsakiyar cin taliya, ya dawo fatalwa yana neman wanda ya ɗauke masa kwano. Abokan yawonsa su ne wata lema mai ƙafa ɗaya da wata mata mai wuya kamar igiyar guga. Larabcin Daouda bai wuce na aiki da gaisuwa ba, don haka inda bai gane ba sai ya cike da kansa. Ya zargi matar tsohon, ya zargi kyanwa, har lemar bai bari ba. Abin ya shiga ransa sosai, don shi ma ya san zafin a ɗauke wa mutum kwano bai ƙoshi ba.

Sai wata rana ga baƙuwar fuska. An nuna dare a maƙabarta, gilashin talabijin ya yi duhu, kawai ta bayyana a kusurwar sama, fara fat, ido zuru-zuru, baki a buɗe. Ba ta yi kama da zane ba, don har ƙiftawa take yi. Daouda ya ƙanƙame tsani.

Ba shi kaɗai ya gani ba. Hajiya Fatma, mahaifiyar Abdallah, wadda ke zama da jikoki wai don ta tsare su alhali ta fi su kallo, ta yi salati ta rungume yaran. Ta hana kowa waiwaye, don a saninta aljani idan ka juya masa ƙeya a lokacin yake shiga jiki.

Kashegari Abdallah ya same shi da Hausarsa ta kasuwa.

"Daouda, tele nan akwai shaiɗan. Hajiya ya ce a jefa shi."

"Haba Alhaji, a bari dai zuwa Alhamis," in ji Daouda. Ranar ce za a nuna ƙarshen labarin, a san ɓarawon kwano. "Ni na san maganin irin waɗannan. Bar ni da ita."

Bai san komai ba. Tsoro ma ya fi Hajiya ji. Amma mutumin da ya kwana yana lissafin laifin kyanwa ba zai bari a jefar da amsa a juji ba.

Ya fara da ɗaura laya a goshi. Da ya hau tsani ya leƙa, farar fatalwar ta fito da wani baƙin ƙulli a tsakiyar kai, abin da ba ta da shi jiya. Ya koma ya sayo turaren wuta, ya riƙe kasko a bakin taga yana karanta duk abin da ya tuna. A ranar, fatalwar ta zo cikin hayaƙi, leɓunanta na motsi. Hajiya ta rantse ta ji tana magana da Japananci.

Daouda ya tabbatar ya gamu da wadda ta fi ƙarfinsa, kome ya kawo sai ta kawo irinsa.

Ranar Alhamis Abdallah ya zauna a falon da kansa, da taɓarya a kan cinya. Daouda yana kan tsani yana roƙon Allah ya hana la'ananniyar fitowa, yau kaɗai. A cikin katun, tsohon ya bi sawun ɓarawo har bakin wani kogo. Ya shiga. Gilashin ya yi baƙi ƙirin, wani hannu ya fara fitowa daga duhu riƙe da kwano, saura kaɗan a ga fuskar mai hannun.

Fuskar da aka gani kuwa farar nan ce, tana murmushi har kunne.

Taɓarya ɗaya Abdallah ya saukar. Gilashi ya tarwatse, yara suka fashe da kuka, Hajiya ta shiga yi wa ɗanta addu'a.

Daouda ya sauko daga tsani jiki a sanyaye. Hawaye suka zubo masa bai share ba. Ya tsine wa fatalwar, ya tsine wa wanda ya turo ta, ya ce in Allah ya haɗa su ido da ido sai ya shaƙe ta, ko ta wace ƙasa ce.

Aka kira magariba. Ya nufi famfon da yake alwala kullum, ya murɗa, ko ɗigo babu, an ɗauke ruwa. Sai ya juya wajen duron da yake kwaɓa jibis da ruwansa, ya ɗage murfi, ya sunkuya.

Tana ciki tana kallonsa, fara fat, da layarsa a goshi da sawun hawaye biyu a kumatu.