Mai Koren Hijabi a Wurin Lilo

Maliki yana layin lilo da 'ya'yansa biyu ya fara lura da matar nan mai koren hijabi.

Daga Daura ya kwaso yaran kashegarin Sallah zuwa babban filin wasa na Kano, bayan sun shekara suna yi masa naci. Dillalin shanu ne, in ya kalli garke sau ɗaya ya san wadda ke shirin ɓallewa, kuma yana ji da idon nan nasa fiye da kima. Ga shi tun a mota ake zancen satar yara, kowa da nasa labarin.

A gabansa akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba, da sabon kitso da lalle, ita kaɗai. Matar kuwa tana can gindin darbejiya, ba ta matso ba, ba ta tafi ba. Duk inda yarinyar ta motsa idon matar na kanta. Da ta waiwayo sai matar ta kawar da fuska, kamar ba ita ba.

Can ta sayi askirim. Ba ta miƙa da hannunta ba, mai sayarwar ta sa ya kai wa yarinyar. Maliki ya matsa kusa da yarinyar.

Ya sunkuya ya tambayi yarinyar ina uwarta. Ta ce Inna ta tafi salla. Ya tambayi garinsu, ta ce Zango, ta ƙasar Daura. 'Yar gida ce ke nan, sai ya ji abin ya zama nasa.

Ana buɗe ƙofar lilo layi ya yamutse. Yarinyar ta kutsa ta ƙarƙashin shinge ta nufi kujerun ƙarfe tun ba su gama tsayawa ba. Kafin kowa ya motsa matar ta iso, ta fizgo ta, ta ja hannunta ta yi wajen ƙofar fita, can kusa da masallaci. Ba lallashi, ba ko kallon fuska.

"Ke, wuce mu tafi."

Yarinyar ta fasa kuka tana tirjewa. Maliki ya sha gabansu, ya ɗaga murya ya faɗi kalmar da kowa ke jira ya ji tun safe: ɓarauniyar yara.

Nan da nan masu lilo da masu hoto da iyayen yara suka yi musu zobe. Aka tambayi matar wace ce yarinyar a wurinta. Ta sunkuyar da kai ta ce tare suke. Aka tambayi yarinyar, cikin kuka ta ce wannan ba Innarta ba ce. Wani ya kai wa matar mari. Mai gadin wurin ya zo da sandarsa, aka ture shi gefe.

Maliki ya ga abin zai wuce inda ya nufa, sai ya kawo hanyar da yake ganin ita ce adalci.

"Baiwar Allah, faɗi sunanta kawai, mu sake ki."

Matar ta ɗago, ta dubi yarinyar karon farko ido da ido. Leɓɓanta suka motsa. Sai ta ja hijabi ta rufe baki, hawaye na zuba.

Dutse ya same ta a goshi. Daga bayan taron wani yana cewa a kawo taya. Tsoro na gaske ya kama Maliki, ya ware hannuwa yana cewa a jira 'yan sanda, ba mai jinsa.

Sai yarinyar ta ƙwace ta ruga ta faɗa jikin wata tsohuwa da ke kutsowa da darduma a kafaɗa. Jama'a suka yi caa, kowa na ba ta labari: Allah ya kiyaye, sun kama ɓarauniya, ko sunan yarinyar ta kasa faɗa.

Tsohuwar ta ratsa su ta isa wurin matar. Ta durƙusa da ƙyar, ta sa gefen mayafinta tana goge jinin da ke goshin matar. Sannan ta ɗago ta dubi Maliki.

"Ko yanka ta za ku yi, Asma'u ba za ta faɗi sunan nan ba, ɗan nan. 'Yar farinta ce, tun daga yaye na karɓe ta, ni take kira Inna."