Takardar da Ya Ba Ni In Karanta

Shekara goma sha biyar soja suka riƙe mini mijina Dawuda, yanzu kuma suna neman ƙari. Jiya ya sauka gida Tanut. Ko igiyar takalminsa bai kwance ba ya miƙo mini takardar sake shiga aikin, don ni na yi kwaleji, shi kuwa faransancinsa na fareti ne.

"Karanta mini, Hulda."

"Ai ka san abin da ke ciki, Baban Tamar."

"Na sani. Muryarki nake son ji."

Na karanta, ina satar kallon furfurar da ta fito masa ba a gabana ba. Da na iso wurin sa hannu sai na mayar masa da takardar.

"Kapitan ya ce in na ƙara, zan samu galo, ƙarin girma."

"Ɗazu ɗiyarka kawu ta ce maka."

Ya sunkuyar da kai. "In na zauna me zan yi? Na manta riƙon hauya."

"Sai in koya maka."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ninke takardar ya sa aljihu. Litinin zai kai amsa.

Ku manyan bariki, kun cinye ƙuruciyarsa. Ku bar mini tsufansa!