Guguwar Ba Ta Juya Ba

Habsatou ta bar shinkafa a kan wuta ta koma gaban talabijin. Farin dunƙulen guguwar nan yana ta juyawa a kan taswirar Tekun Mexico, kuma tun jiya bai karkata ko kaɗan ba. Ya miƙe sak wajen rijiyoyin mai.

Can tsakiyar ruwan, a kan wani dandamalin ƙarfe, mijinta Mu'awiya yake aikin walda. Yakan yi makonni a teku, sannan ya hawo jirgin sama ya dawo gidansu na unguwar Park Hill ya huta. Wannan karon ko rabin wa'adinsa bai yi ba.

Zama da shi ya koya mata yadda abin yake tafiya. In guguwa ta juya, aiki ya ci gaba, kowa ya zauna inda yake. In ta matso, sai kamfani ya rufe rijiyoyi, a shiga kwashe ma'aikata da helikwafta tun kafin iska ta hana tashi.

Ta shimfiɗa darduma. "Ya Allah ka juyar da ita," ta yi ta faɗa, har shinkafar ta kama.

Ƙaurin ne ya shigo da maƙwabciyarta Adjara, mutuniyar zangon Kumasi. Ta sauke tukunyar, ta dubi Habsatou da tausayi.

"Maman Yusra, ki bar kallon abin nan haka. Za a fito da shi lafiya, in sha Allah."

Habsatou ta motsa leɓe. Adjara ta ɗauka amin ta ce.

Sai idon Adjara ya sauka kan wata jaka a bayan ƙofar ɗaki, an cika ta har zif ya ƙi rufuwa. "Har kin haɗa kaya? Louisiana, inda ake sauke su, za ki je ki tare shi?"

"Na kira su," in ji Habsatou. "Sun ce babu wuri sai Juma'a."

"Ai dole. Kowa gudu yake yi, jirage sun cika."

Habsatou ta ja jakar da hannun hagu ta shigar da ita ciki.

Ranar Talata aka fara nuna dandamalai babu kowa a kansu, igiyar ruwa na dukan ƙafafunsu. An ce an rufe rijiyoyi da yawa. Kafin la'asar fetur ya tashi a gidajen mai, direbobin tasi na unguwar Port Richmond suna ta mita. Habsatou ta fita kan matakala ta sake kiran lambar, tana magana ƙasa-ƙasa. Matar da ta ɗauka ta ba ta haƙuri da Turanci mai laushi. Babu abin da ya canza. Juma'a.

Ta zauna a kan matakalar tana neman wanda za ta kira. Ƙanen Mu'awiya yana da shago a titi na 116. Limamin masallacinsu abokinsa ne tun Maraɗi. Duk wanda ta sani a garin nan ta hanyarsa ta san shi. Ta kira mahaifiyarta a gida, tsohuwar ta ce mata abin da ta saba faɗa: ta yi haƙuri, ta yawaita addu'a.

Da Yusra ta dawo daga makaranta, ta tsaya da jaka a baya tana kallon helikwaftan da ake nunawa. Ta tambaya da Turanci ko Baba yana ciki.

"Ban sani ba," in ji uwar.

Yarinyar ta ajiye jakar. Ta cire zane-zanenta daga jikin firji, ta jera takalman bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

Mu'awiya bai kira ba. Da safiyar Laraba mai karanta labarai ya ce akwai sauran dandamalai ta yamma da ba a kwashe mutanensu ba, ana jira a ga inda guguwar za ta bi. Habsatou ta ƙara sauti, ta matso har gwiwarta na taɓa teburin. Ba ta san ko na mijinta yana cikinsu ba. Bai taɓa gaya mata sunan wurin ba.

Bayan azahar aka buga ƙofa da ƙarfi. Adjara ce, tana haki tana dariya.

"Alhamdulillah! Maigidana ya gan shi a ƙasa yana fitowa daga tasi! Ashe tun jiya aka kwaso su. Allah ya ji kukanki, 'yar uwa!"

Ta rangaɗa guɗa a baranda, ƙofofi suka fara buɗewa. Lifta ta taso daga ƙasa, ana jin ƙuginta hawa bayan hawa.

Habsatou ta tura jakar ƙarƙashin gado da ƙafa. Ta goge lambar daga wayarta, ta ja hannun rigarta ya rufe wuyan hannun dama, wanda bai gama ɗoruwa ba.

Duk addu'arta ita ce guguwar ta juya a bar shi can a teku, don gidan da ke ɓoye matan da mazajensu ke duka ba zai karɓe su ita da Yusra ba sai jibi.