Sabon Kambas ɗin Mama

Tana zagaya filin makaranta da sassarfa kamar kowace safiya, gumi na bin wuyanta, sai ta hango saurayinta a bakin ƙofa, mahaifiyarsa na gefensa. Tun da ta gaya masa tana da lalurar ƙwan mahaifa, kuma haihuwa na iya yi mata wuya, mahaifiyar ta ce a dakata da maganar aure.

Ta ƙarasa ta durƙusa. "Ina kwana, Mama."

"Lafiya lau. Wannan ce tafiyar da likita ta sa ki?"

"Eh, Mama. Ta ce tana rage kumburin cikin jiki." Ta saci kallonsa, ta sunkuyar da kai. "Amma ba ta yi min alƙawarin haihuwa ba. Gara ku sani."

Ya buɗe baki zai yi magana, mahaifiyar ta ɗaga masa hannu.

"Ni wa ya yi min alƙawari? Shekaru na yi ina kuka kafin wannan ƙaton ya zo. Kukan nake jiye miki, ba ke na ƙi ba. Amma ni ɗaki na shige na ɓuya, ke kuwa ga ki a fili kina neman lafiya."

Sai a lokacin ta lura da ƙafafun dattijuwar: sabon kambas, igiyarsa na jan ƙasa.

"Ɗaure min, 'yata, mu zagaya tare. A hankali dai, gwiwoyin nan sun tsufa."

Ta ɗaure, hawaye na ɗiga kan takalmin. "Na gode, Mama."

"Ni fa?" in ji shi.

"Kai riƙe mana jaka."