Kwalbar Mutum Huɗu

Tun da matarsa ta rasu, Wendell ba shi da kowa a garinmu sai Duane, amininsa tun suna firamare. Duk Lahadi a garejin Duane suke yini, suna gasa nama, suna kallon ƙwallo, suna shan giyar gwangwani irin wadda ake sayarwa a kowane gidan mai.

Kwatsam sai Wendell ya faɗa cikin masu farautar giya mai wuyar samu. Kun san irinsu, da an ce abu ya kusa ƙarewa sai ya fara yi musu daɗi tun ba su ɗanɗana ba. Babban burinsa wata baƙar giya ce da ake kira Tsohuwar Mujiya. Wasu manoma ne can arewacin jihar Wisconsin ta Amurka ke haɗa ta sau ɗaya a shekara, kuma kowa kwalba ɗaya ake sayar masa, bayan ya sha layi.

Wata Lahadi Duane ya miƙa masa gwangwani, ya ture.

"Wannan ai ruwan wanke-wanke ne."

"Ji ɗan rainin wayo! Da ruwan wanke-wanken nan muka yi bikin aurenka," in ji Duane yana dariya. Can ya rage murya. "Mutumina, Juma'a za a yi min aikin zuciya. Ka san matata Loretta ta daina tuƙi saboda idonta. Kai za ka kai ni asibiti."

"Haba, har sai ka tambaya?"

Ranar Alhamis manoman suka sanar cewa washegari Juma'a da safe Mujiya za ta fito. Wendell ya raya a ransa zai je ya dawo a kan lokaci. Ya tarar da layi har bakin titi, kowa na rawar ɗari cikin dusar ƙanƙara. Waya ta yi ta ruri a aljihunsa. Ya ga sunan Duane, ya dubi layi, saura kaɗan a zo kansa. Ya mayar da ita aljihu.

Ya samu kwalbarsa, har ya ɗauki hoto da ita ya watsa a intanet don 'yan'uwansa mafarauta su gani.

Da aka sallamo Duane daga asibiti, Wendell ya je gidansa da kwalbar a rungume. Loretta ce ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ya jikin nasa? Ga shi na kawo masa, mu buɗe tare."

"Likita ya hana shi sha," ta ce. "Wendell, ranar nan Duane yana tsaye a taga da jakarsa yana cewa ƙila motarka ce ta ƙi tashi. Har a cikin tasi yana kare ka. Sai da ya farfaɗo ya ga hoton nan. Ya ce kada ka sake zuwa."

Wendell ya koma gida ya zauna a kicin. Kwalbar ƙatuwa ce, ga ƙarfi, an yi ta ne don mutum huɗu su raba, kuma in an buɗe ba ta kwana. Ya zuba kofi ɗaya ya kurɓa, sai ɗaci kamar gahawar da ta ƙone. Ya juya zai faɗi haka, babu wanda zai gaya wa. Kaɗaici ya rufe shi, ya kifa kai a tebur ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar matarsa.

Mai karatu, ƙarancin abu ba shi ne darajarsa ba. Kada wuyar samun wani abu ta sa ka wofintar da mutumin da ke jiranka. Giyar za ta sake fitowa baɗi, amma aminin da ka ci amanarsa ba lallai ya sake buɗe maka ƙofa ba.