Mai Shiga Rumbun Dakta Amatullahi

A tsakiyar babi na biyu na kundin Muzzammil jan biron Dakta Amatullahi ya tsaya cak. Yaron ya kawo baiti daga wani tsohon wasan kwaikwayon Ingila, na shekaru ɗari huɗu da suka wuce, kuma ya nuna madogararsa tsaf: kashi, fitowa, layi, sannan "hoto na sha huɗu, gefen hagu", da ranar da aka buɗe shafin.

Wannan hoton shi ya dame ta. Rumbun intanet da ake ajiye waɗannan wasannin ƙofa biyu gare shi. Ta farko a buɗe take ga kowa, rubutun zamani ne kawai a ciki. Ta biyu, inda hotunan ainihin tsofaffin shafukan suke, sai mai kalmar sirri. A duk sashensu na jami'a a Kalgo ita kaɗai ke da ita, kuma da aka ba ta sai da ta sa hannu cewa ba za ta ara wa kowa ba. In masu rumbun suka gane, rufe mata za su yi, binciken da ta daɗe tana yi ya tsaya.

Muzzammil kuwa ɗalibi ne da ko a aji ba ya iya bambanta bugun farko da na biyu.

Ta shiga rumbun, ta duba wurin da ke nuna abin da aka buɗe kwanan nan. Ga wasan nan, ga wasu biyu da rabonta da su tun bara. Duk Talata ko Alhamis aka buɗe su, ranakun da take wuni a aji.

Ta ɗaga kai ta dubi teburin Malam Zubair, abokin zamanta na ofis. Mabuɗi ɗaya suke amfani da shi, kuma ya taɓa roƙonta kalmar ta hana shi.

Da yamma mijinta Albarka ya zo ɗaukarta kamar kullum. Tun da makarantar kuɗin da yake koyar da Turanci ta rufe, shi ke kai ta Kalgo da safe, ya koma Gwandu, ya dawo da la'asar. A hanya ta zayyana masa komai.

"Maman Jummai, ki bi a hankali," ya ce, idonsa na kan titi. "Ɗan mutane na, shekararshi ta ƙarshe. Ki sa mishi hannu ya wuce."

"Ba yaron ba ne damuwata. Wanda ke bayansa nake nema."

Suna isa gida ta canja kalmar sirrin a tsohuwar kwamfutar falo, wadda ke adana kalmar da kanta. Washegari ta shigar da sabuwar a ta ofis, ta fara kulle kwamfutar a durowa. Gaisuwar da take yi wa Malam Zubair ta koma ciki-ciki. Ya lura, ya daina kawo mata ƙosai da safe.

Babi na uku ya zo, ya fi na biyu kyau. Har an kwatanta yadda wata kalma ta sauya tsakanin bugu biyu, an nuna hoton kowanne. Ranar buɗewa kuma bayan canjin kalmar ce.

Nan ta fara tsorata. Ta duba durowa, ba alamar an taɓa. Ta tuna Malam Zubair ya taɓa tsayawa a bayanta tana danna haruffa. Ta je wurin shugabar sashe ta ce tana zargin wani abokin aiki, ba ta kama suna ba, amma ofishin mutum biyu ne, ba sai an kama ba. Kafin azahar maganar ta zagaya. Malam Zubair ya kwashe littattafansa ya koma ɗakin karatu.

Sai ta kira Muzzammil. Ta juya masa kwamfuta.

"Nemo mini hoto na sha huɗu."

Ya danna nan, ya danna can. Ya buɗe jerin marubuta maimakon jerin wasanni, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Wa ya rubuta maka?"

"Malama, don Allah..."

"Ko ka faɗa mini, ko ka faɗa wa kwamitin ladabtarwa. In suka kore ka, kai za ka yi wa mahaifinka bayani a Dodoru."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce wallahi bai taɓa ganin mutumin ba. Wani ɗan ajinsu ya ba shi lamba, ta waya ake turo babi, kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu a sashen. Mutumin ya tabbatar musu cewa ya san abin da Dakta ke so a kundi fiye da kowa.

"Muryar Malam Zubair ce?"

"Ban sani ba, Malama. Saƙo yake rubutowa."

Ta ɗauki wayarta. Ta ƙudurta za ta kira, ta fita barandar ɗakin karatu, ta ga aljihun wa zai yi ƙara a gaban kowa.

"Karanto mini lambar."

Yana karantowa, tana dannawa. Ba ta kai ƙarshe ba wayar ta cike mata sauran da kanta, ta fito da sunan da ita ta ajiye da hannunta: Abban Jummai, layi na biyu.