Gatarin Aradu a Gidan Tarihi

Ina aji huɗu Malam ya kwashe mu daga Yashe zuwa gidan tarihi. Cikin akwatin gilashi na ga an jera baƙaƙen duwatsu masu santsi. Gatarin aradu ne! Kakata ta sha gaya mani duk ɗakin da aka ajiye shi, sai aradu ta dawo ɗaukar kayanta.

Sai ga hadari, aka fara cida. Na cafke rigar Malam.

"Malam, mu fita, za ta zo!"

Ya yi dariya. "Kai yaro, mutanen da ne suka sassaƙa su."

Na yarda da Malam. Amma har yau in garmata ta tono irinsa, a gona nake barin shi.